Sai Ran da Ruwa Ya Janye

Jidda, 9 ga Nuwamba

Zuwa ga ƙanwata Mastura,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata takardar nan ta same ki lafiya, ke da Latifatu da maigidanta da yara. Yaya ƙafar taki? Yaya aka ji da kaka? Ni ma lafiya lau, sai bayan nan nawa da ya ƙi ni na ƙi shi, muna dai zaune tare.

Kada ki yi mamakin ganin rubutu. Na lura in muka yi waya ba ma rabuwa lafiya. Ke kina kan tudun makaranta kina neman sabis, ni ina nan ina ɗaga murya, kafin mu kai ga magana an yanke. Shi ya sa na ce bari in rubuta, in ɗauki hoton takardar in tura wayar Latifatu ta karanta miki. Latifatu, ki karanta wa uwarki duka, ban ce ki tsallake inda kawunki ya yi faɗa ba.

Na ji labarin geronki. Shekara ta huɗu ke nan ruwa yana kwana a gindinsa har ya ruɓe, ki tashi da dami uku a gonar da marigayi mijinki yake cika rumbu da ita. Wallahi abin ya taɓa ni.

Na kuma ji batun mutanen gwamnati da tallafinsu na fitar da ruwa daga gonaki. In na fahimce ki daidai, su za su kawo katafila su haƙa babbar magudana daga bayan gari har kogi, ku kuma ku haƙa ƙanana da gayya. Amma sai kowane mai gona da ke kan layin ya yarda, ya tsaya cikin gonarsa a ɗauke shi hoto, ya sa hannu zai riƙa yashe rabonsa kowace shekara. Wanda ba ya gari, ko ya zo, ko ya ba wani a rubuta sunansa. In mutum ɗaya ya ƙi, tallafin ya wuce wani ƙauye. Kuma kin ce magudanar ba ta da hanyar kogi sai ta cikin gonata, tunda ita ce can ƙasa a kwari, duk ruwan Ɗinyar Kwari a kanta yake sauka.

Ikon Allah! Shekara ashirin da bakwai ba wanda ya tambayi gonar nan. Tun da ruwa ya shige ta, kacala ta tsiro ta fi mutum tsawo, ba mai zuwa sai kwaɗi da tsuntsayen jan-baki. Ko lokacin rabon gadon Baba ba wanda ya yi mini gardama a kanta, har dariya aka yi, wai Rafi'u ya gaji tafki. Yau kuma ta zama amarya, kowa yana son ganinta.

Kin tuna ranar da na tafi? Kina goye da Latifatu. Na shiga ɗakin Inna na rataye garmata a ƙusar da ke bayan ƙofa, na ce kada kowa ya sauke ta, ni zan sauke ta da hannuna ran da ruwa ya janye. Shekara biyu na ce zan yi. Inna ba ta bari an taɓa ta ba har ta koma ga Allah, ke kuma na ji duk bazara sai kin shafa mata mai don kada tsatsa ta ci. Ban taɓa yi miki godiya ba. To, na gode.

Kin tambayi yadda nake zaune. Ina nan a Sana'iyya, unguwar masana'antu, ina gadin wani sito na tayil. Tun rasuwar matata Fatsuma na bar gidanmu na unguwar Ruwais, don ɗaki biyu ya yi wa mutum ɗaya yawa. Yanzu ɗan ɗaki ne a bakin ƙofar sito, katifa, risho, tabarmar salla. Ɗana Mus'ab yana unguwar Safa da matarsa, yakan leƙo in aiki ya bar shi. Wanda nake gani kullum shi ne Othman, wani Bahaushen Sudan mai gadin siton da ke kusa da namu. Da safe mukan raba tamis da ful, wato burodi da dafaffen wake, shi ya kawo shayi. Ya sa mini suna Abu Moya, wato uban ruwa, don duk wanda ya tambaye ni yaushe zan koma gida, amsata ɗaya ce, sai ruwa ya janye. Yanzu har direbobin tirela haka suke kirana.

Kin ce wa'adin sai ƙarshen Janairu. Ki ba ni lokaci in yi tunani. Ki gaida Bulama da duk wanda ya tambaye ni, in akwai.

Yayanki,
Rafi'u


Jidda, 17 ga Disamba

Mastura,

Sallama da gaisuwa. Ina fata kuna lafiya, sanyi bai tayar miki da ƙafar ba. Ina gaida yara.

Ba zan ɓoye miki ba, raina a ɓace nake rubutun nan. Wa ya ba Bulama lambata? Ranar Laraba ina tsaye ina buɗe wa mota ƙofa sai ga waya, ashe ya tara dattawa a zaure ya sa ni a lasifika kamar ɓarawon akuya. Wannan ya ce albarkacin Baba, wancan ya ce gonaki arba'in da ɗaya suna jirana, wani ma da ban gane muryarsa ba ya ce ai mutumin da ke kusa da Ka'aba bai kamata a roƙe shi alheri sau biyu ba. Na tambayi ko shi wane ne, aka ce ɗan Malam Tanko ne. Yaron da na bari ba wando, shi ne yau yake mini wa'azi!

Na ce musu ban yarda ba, kuma ke ma ina faɗa miki.

Ki saurare ni. Takardar gwamnati ba allo ba ce da za a wanke. In aka rubuta sunan wani a kan gonar nan, aka ɗauke shi hoto a ciki, to ta zama tasa, ko da bakinsa ya ce aro ne. Yau aro, gobe a ce ai shi ya cire kacala, jibi 'ya'yansa su ce sun tashi sun ga ubansu a ciki. Kuma wa ya ce miki aikin zai ɗore? Su haƙa su tafi, damina biyu ƙasa ta rufta, a bar ni da rami a tsakiyar gona. Ni ba yaro ba ne.

Kin ce to in zo da kaina. Da sauƙi a baki. Na yi wa Badr, kafilina da nake zaune a ƙarƙashin sunansa, maganar. Ya ce in zan tafi in tafi gaba ɗaya, ba zai riƙe wa ɗan shekara sittin da ɗaya ƙofa ba alhali ga masu jini a jika suna jira. In na fita haka, iƙamata, takardar izinin zamana, ta mutu, ba ni ba Jidda.

Ranar Juma'a na je Safa na kai wa Mus'ab maganar, ina tsammanin ɗa zai tsaya wa gadon kakansa. Kin san shi, yana jin Hausa amma da Larabci yake amsawa. Ya saurare ni yana danna waya, sannan ya ce halas ya Baba, wato shi ke nan, a ba gwaggo mana, me za ka yi da fadama. Ko sunan garin bai iya faɗa daidai ba. Na tashi na bar musu shinkafarsu a faranti. Na hau mota har Sana'iyya, ranar hutu ce, layin gaba ɗaya ba kowa, sai kyanwoyi. Na zauna a bakin ƙofa har magariba ban yi magana da ɗan Adam ba.

Kuma ki gaya mini gaskiya, wannan zafin naki ne ko na mijin Latifatu? Don na san ƙasar kwarin nan, baƙa ce wuluk, in ta sha iska ba gonar da za ta kama ƙafarta a garin. Mai ido ya gani.

Saƙon muryar da kika turo na saurare shi sau ɗaya, ban sake ba. Kin ce Inna ta rasu tana kallon ƙofa. Me ya kawo wannan cikin maganar magudana? Kina tsammanin ban sani ba? Ba sai kin tuna mini ba, Mastura.

Ku nemi wata hanyar ku bi da ruwanku. Gonata a bar mini ita yadda na bar ta.

Rafi'u


Jidda, 12 ga Janairu

Zuwa ga 'yar'uwata Mastura, autar Inna,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki gaisuwar wanda ya san ya yi laifi. Yaya jikin? Yaya Latifatu da maigidanta? Kwana ashirin da shida ban ji daga gare ku ba. Kullum sai na duba wayar, in ga an buɗe takardata, ba amsa. Na cancanci haka.

Bari in ba ki labarin abin da ya faru ranar Talata.

Kin san nan ba a ruwa sai jefi-jefi, amma in ya zo ba ya sallama. A gaban ɗakina akwai bakin lambatu mai murfin ƙarfe, nan ne ƙasa-ƙasan layinmu, ruwan sito shida nan yake bi. Da zafi wari yake fitowa ta wurin, ga kyankyasai ga sauro. Shekara biyu da suka wuce na gaji, na samo katako na rufe shi, na shimfiɗa tsohuwar darduma, na ɗora bulo biyu. Na samu barci. Ƙura ta rufe dardumar, ta zama kamar ƙasa, ni kaina na manta da ita.

Ranar Talata da hantsi sama ta buɗe. Kafin awa guda layin ya zama kogi. Ɗakina yana kan matakala uku, ko ɗigo bai shiga ba. Na tsaya a sama da kofin shayi ina zagin waɗanda suka yi hanyar, ina cewa aikin banza suka yi. Ruwa kuwa ya shige siton su Othman, inda ake ajiye buhunan fulawa. Ina kallon leburori suna gudu da buhu a ka, maigidansu yana ihu yana yalla yalla, wato maza maza, Othman da furfurarsa yana cikin ruwa har gwiwa, yana caccaka ƙasa da rodi yana neman bakin lambatu. Har ya iso gabana. Rodin ya kama darduma.

Ya ɗago ya dube ni. Na ajiye kofin na sauka, muka ɗaga bulon tare, muka janye katakon. Mastura, da kin ji ƙarar da ruwan nan ya yi yana shiga! Kafin azahar layin ya tsane, sai laka.

An yi asarar fulawa mai yawa. Maigidan ya wanke Othman tas a gaban leburorin da Othman ya isa ya haifa, shi kuwa bai ambaci sunana ba. Da la'asar sai ga shi da butar shayi kamar kullum. Ya zuba mini, ya dubi layin ya ce, "Abu Moya, ga shi ya janye. Yanzu sai me?"

Na kasa shan shayin.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Duk abin da na rubuta miki a watan jiya, na takarda da na aro da na mijin Latifatu, neman mafaka ne. Ba tsoron a cinye mini gona nake ba. Tsoron ruwan ya janye nake. Muddin yana nan, ni mutum ne mai jira. Kowa ya tambaya ina da amsa, ni ma in na tambayi kaina ina da amsa. In ya tafi, me zan ce? Sai a ga Rafi'u a fili, mutumin da ya ce shekara biyu ya yi ashirin da bakwai, bai gina ko ɗaki ɗaya a garinsu ba.

Lokacin ciwon Inna na ce muku iƙama ce ta hana ni. Ba ita ba ce. Kafilina na lokacin ya ba ni izini. Na je har na tsaya a ƙofar masu sayar da tikiti, na tuna zan sauka da jaka ɗaya, mutane su zo taryar Alhaji su ga ba komai, sai na juya. Na ce bari in ƙara wata shida in haɗa abin kirki. A wata na biyu kika kira ni, Inna ta cika. Ban taɓa faɗa wa kowa ba, ko Fatsuma ta rasu ba ta sani ba. Kunya ce ta hana ni ganin uwata, kuma abin yana cina har yau.

Ga shi na rufe muku lambatu ina zaune a kan matakala, geronki yana ruɓewa. Ki yafe mini.

Jiya bayan azahar na sa limamin masallacinmu da Othman suka tsaya shaida, na yi magana a waya na tura wa Bulama. Na ce na yarda magudana ta bi ta gonata, kuma sunanki za a rubuta, Mastura Ɗanladi. Ke za ki tsaya a hoton. In ƙafar ba za ta kai ki kwari ba, a ɗauke ki a amalanke.

In an sare kacala za a yi gardamar iyaka, na san mutanenmu. Ta gabas akwai tsohon dutsen niƙa da Baba ya binne, taku goma sha biyu daga inda giginya take a da. Ta arewa kututturen kanya ne, in bai ruɓe ba. A haƙa a hankali za a same su.

Ki ba mijin Latifatu haƙuri. Latifatu, ke kika karanta abin da na ce a kan mijinki da bakinki, ke ma ki yi haƙuri, tsufa ne da zaman kaɗaici.

Ki amsa mini ko da kalma ɗaya ce.

Yayanki,
Rafi'u


Jidda, 20 ga Disamba

Zuwa ga ƙanwata Mastura,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai tarin yawa gare ki da iyali baki ɗaya. Ga shekara ta kusa zagayowa tun takardata ta ƙarshe. Barka da kaka, barka da arziki. Bana dai mun sha waya, amma maganar yau ta fi ƙarfin waya, shi ya sa na koma ga takarda.

Saƙonki ya iso. Matar Bulama da ta zo Umara ta kira ni, na je na same ta a masaukinsu kafin su wuce filin jirgi. Ta miƙo mini ƙullin, ta ce dawa ce kaura daga kwari, ta farko. Na riƙe shi a cinya har Sana'iyya kamar jariri, wani Bayamane da ke kusa da ni a mota yana ta kallona.

Na kai aka niƙa mini. Ni na tuƙa tuwon da kaina a kan risho, ya yi gudaji, kada ki yi dariya. Na kaɗa miyar kuka, na kira Othman da Mus'ab. Othman ya ci, shi garinsu yaƙi ya watsa shi, ya ce da ma yana da ko fadamar da zai jira. Mus'ab ya nemi cokali, na harare shi, ya sa hannu. Da ya gama ya ce, da Hausa, "Baba, na gonarmu ne?" Na ce na gonar gwaggonka ne.

Hotunan ma na gani. Na ga wanda kike tsaye da allon lamba a hannu, kin sha ɗamara kamar mai shirin dambe. Na ga magudanar ta miƙe har kogi, na ga rumbunki. Amma Mastura, ban gane gonar ba. Na ƙara girman hoton, na juya shi, na nemi inda nake ajiye gorar ruwa, ban samu ba. Mutanen da ke bayanki kuwa, cikin goma sha ɗaya biyu na sani. Na yi murna har na yi hawaye, kuma na ji kamar ina leƙen gidan wasu.

A ƙarshen saƙonki kin ce, Yaya, ruwa ya janye, yaushe? Kin yi tambayar da kike da hakkin yi. Shekara ashirin da takwas kina jin amsa ɗaya, yau bari in ba ki ta gaskiya.

Ba zan dawo zama ba.

Bayana ba zai iya huɗa ko kunya ɗaya ba. Fatsuma tana nan kwance, kabarin ba suna, ni kaɗai na san layin, in na tafi ba mai tsayawa a kansa. Matar Mus'ab tana da ciki, kuma in ban zauna kusa ba jikan nan zai tashi bai san ko sannu ba. Waɗannan duka gaskiya ne. Amma babbar gaskiyar ita ce wadda Inna take yawan faɗa, kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Na daɗe da sanin haka, ruwan ne ya rufa mini asiri. Nan ɗin ma ba gida ba ne, kowace shekara sai an sabunta mini izinin zama. Sai dai nan na san inda ake sayar da burodi, kuma akwai mutum ɗaya da zai lura in ban buɗe ƙofa da safe ba.

In Allah ya nufa zan zo in gan ki, zuwan baƙo, in yi sati biyu in ziyarci Inna da Baba. Ba zan sa rana ba, na gaji da sa ranar da ba na cikawa. Direbobi har yanzu suna kirana Abu Moya. In sun tambayi yaushe, sai in ce ina nan.

Gonar ba aro ba ce. Na ba ki ita kyauta, halak malak, na kuma faɗa wa matar Bulama a gaban mutum biyu don ta kai shaida. Ki kula da yashe rabonki kafin damina, kada a ce na kwari ne suka sake toshe wa gari ruwa.

Saura abu ɗaya. Ki shiga ɗakin Inna ki sauke garmar nan. Na ce ni zan sauke ta da hannuna, to hannunki nawa ne. Ƙotar ta daɗe, a kai wa maƙeri ya sa sabuwa, ki ba mijin Latifatu ya shiga kwari da ita bana. Bakinta yana ɗan karkata hagu, ki gaya masa kada ya gyara, haka take cin ƙasa. Man da kike shafa mata kuma ki riƙa shafa wa ƙafarki.

Latifatu, wannan karon ki karanta mata a hankali, kuma in kin gama kada ki tashi ki bar ta ita kaɗai.

Ku huta lafiya. Allah ya sada mu da alheri.

Yayanki,
Rafi'u